Alƙiblar Igiya da Haɗin Bakin Ƙwayoyi: Abin da Rediyon Fulsa da Sauran Taurari Ke Faɗa

A ƙarshen shekarar 1967, Jocelyn Bell, wadda a lokacin ɗalibar digirin digirgir ce a Jami'ar Kambirij da ke Ingila, ta ga wani bugu yana maimaita kansa a kan takardar da na'urar hangen nesa ta rediyo take zana wa, sau ɗaya a kowace daƙiƙa 1.337, ba ya gaba ba ya baya. Cikin shekara guda masana suka amince da bayanin da Thomas Gold ya kawo, cewa abin da ke bugun gawar tauraro ce da ta dunƙule bayan ya fashe, wadda nauyinta ya zarce na rana amma faɗinta bai wuce kilomita 20 ko makamancin haka ba, tana juyawa tana watsa igiyoyin rediyo ta wani siririn ɓangare kamar fitilar hasumiyar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Duk lokacin da hasken ya biyo ta kanmu sai mu ji bugu. Wannan ita ce fulsa, kuma a yau an san fiye da dubu uku daga cikinsu. Tambayar mene ne abin an amsa ta da wuri. Tambayar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa fiye da shekara hamsin ita ce ta yaya igiyar take fitowa da irin wannan ƙarfi, kuma babbar shaidar da ake da ita a wannan shari'a ita ce alƙiblar da igiyar take kaɗawa.

Sai an fara da batun ƙarfin kafin a gane inda gizo ke saƙa. Masana sararin samaniya suna da wata hanya ta auna hasken abu, wato su tambayi kansu irin zafin da abu zai kai kafin ya fitar da wannan haske in da zafi ne kaɗai ke sa shi haskawa. Saman rana yana da zafin digiri 5,500 ko kusa da haka, tsakiyarta kuma kimanin digiri miliyan 15. Idan aka yi wa fulsa wannan lissafi, adadin da ke fitowa yakan kai 1 da sifili 25 zuwa 30 a bayansa. Babu wani abu a sararin samaniya da yake da irin wannan zafi, kuma ba zai yiwu a samu ba. Tun a 1969 Kellermann da Pauliny-Toth suka nuna cewa idan ƙwayoyin ilektiron suna fitar da igiya kowa shi kaɗai a cikin maganaɗisu, to akwai iyakar da ba sa wucewa, kimanin digiri tiriliyan ɗaya, domin da zarar an haura nan ƙwayoyin sukan yi karo da hasken da su kansu suka fitar, su zubar da kuzarinsu nan take. Fulsa ta tsallake wannan iyaka da ninki tiriliyoyi.

Mafita ɗaya ce: ƙwayoyin ba kowa tasa ta fishshe shi suke yi ba, haɗin baki suke yi. A ɗauki taron mutum dubu a fili guda, kowa yana tafi lokacin da ya ga dama. Ƙarar da za a ji ta ninka ta mutum ɗaya sau dubu, domin wani tafin yana ƙara wa wani, wani kuma yana rage shi. Amma ga igiyoyi, idan ƙwayoyi dubu suka kaɗa a lokaci guda, tudun igiyar wannan ya faɗa daidai kan tudun igiyar wancan, tsayin igiyar ne ke ninkuwa sau dubu, ƙarfinta kuwa, wanda ake samu ta hanyar ninka tsayin da kansa, sai ya kai miliyan. Wannan shi ne abin da ake nufi da fitarwa ta haɗin baki, kuma ba baƙon abu ba ne, domin eriyar kowane gidan rediyo haka take aiki, haka ma hasken leza. Bambancin shi ne injiniya ne yake tilasta wa ƙwayoyin cikin eriya su bi kiɗa ɗaya, a kan tauraro kuwa dole wani abu na ɗabi'a ya yi wannan aiki, ya kuma ci gaba da yinsa shekaru miliyoyi.

Misali mafi ban mamaki yana cikin fulsar da ke tsakiyar gajimaren Ƙaguwa, ragowar tauraron da masana taurari na ƙasar Sin suka rubuta ganin fashewarsa a shekarar 1054. Tana juyawa sau 30 a daƙiƙa, kuma lokaci zuwa lokaci takan saki wani ƙaton bugu da ya ninka na yau da kullum sau ɗaruruwa ko dubbai. A 2003 Tim Hankins da abokan aikinsa, da babban faifan na'urar hangen nesa ta rediyo na Aresibo da ke tsibirin Puerto Rico, mai faɗin mita 305, suka gano cewa irin wannan bugu ya ƙunshi ƙananan walƙiyoyi da wasunsu ba su wuce kashi biyu cikin biliyan na daƙiƙa ba. Haske ba ya tafiyar da ta wuce santimita 60 a wannan ɗan lokaci, saboda haka wurin da walƙiyar ta fito bai kai mita ɗaya ba. Wuri ne da mutum zai iya runguma da hannuwansa biyu, amma ana jin sa daga nisan da haske ke shafe shekara 6,500 kafin ya ƙure.

Yanzu ga batun alƙibla. Igiyar rediyo, kamar kowane haske, ƙarfin lantarki ne da na maganaɗisu suke kaɗawa a gicciye da hanyar da igiyar ta nufa. Wanda ya ɗaure igiyar zare a jikin bango ya riƙe ɗaya bakin zai iya kaɗa ta sama da ƙasa, ko hagu da dama, ko a karkace, kuma duk waɗannan kaɗawa ce a miƙe, sai dai kusurwar ce ta bambanta. Zai kuma iya juya hannunsa kamar mai zana da'ira, sai igiyar ta riƙa murɗawa, ko ta dama ko ta hagu, wannan kuma ita ce kaɗawa a murɗe. Hasken da zafi ke haifarwa gauraye yake, ba shi da alƙibla tsayayya, domin kowace ƙwaya ta fuskanci inda ta ga dama. Don haka duk lokacin da aka ga igiya mai alƙibla ɗaya, an san akwai abin da ya jera ƙwayoyin a sahu, kuma a sararin samaniya kusan kullum maganaɗisu ne. George Stokes ya tsara lambobi huɗu a 1852 waɗanda suke bayyana yanayin kowace igiya cikakke, ɗaya na jimillar ƙarfi, biyu na miƙaƙƙiyar kaɗawa da kusurwarta, ɗaya na murɗewa, kuma har gobe da su na'urorin hangen nesa na rediyo suke aiki.

Akwai wani gyara da dole a yi kafin a amince da kusurwar da aka auna. Igiyar da ta ratso siririn iskar da ke tsakanin taurari, wanda ke ɗauke da ilektiron da ɗan maganaɗisu, kusurwarta takan juya a hanya, kuma doguwar igiya ta fi gajeriya juyawa sosai. Michael Faraday ne ya fara ganin irin wannan juyi a cikin gilashi a 1845. Ana cire shi ta hanyar aunawa a zango daban-daban, kuma abin da aka cire ɗin ba a zubar da shi, da shi ake gane ƙarfin maganaɗisun da ke cikin tarin taurarinmu, wanda bai wuce 'yan kashi cikin miliyan na gaus ɗaya ba, gaus kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan fage shi ne taurarin da ba su kai fulsa suna ba su ne aka fi fahimta, kuma ta wajensu ya kamata a bi kafin a koma kanta. A 1955 Bernard Burke da Kenneth Franklin suka tsinci wata ƙara mai ƙarfi a zangon megahas 22, wato igiya mai kaɗawa sau miliyan 22 a daƙiƙa, suka bi sawunta har suka gano daga duniyar Mushtari, wato Jufita, take fitowa. Igiyar a murɗe take ƙwarai, kuma tana yankewa kwatsam a wajen megahas 40. A 1964 aka lura cewa tashinta yana bin inda watan nan nata mai suna Io yake a zagayensa. Bayanin da ya zauna, wanda Wu da Lee suka kammala a 1979 a kan irin wannan igiya da duniyarmu ma take fitarwa daga saman yankunan ƙarshen arewa da kudu, ya dogara ne kan wata ƙa'ida mai sauƙi. Ilektiron da ya shiga maganaɗisu yakan riƙa zagaya layin maganaɗisun, kuma saurin zagayen ya danganta ne kawai ga ƙarfin maganaɗisun: sau miliyan 2.8 a daƙiƙa ga kowane gaus ɗaya. Idan tarin ƙwayoyi suka gangaro zuwa inda layukan suke matsewa kusa da jikin duniyar, waɗanda suka fi miƙewa sukan faɗa cikin iskarta su ɓace, su ne ma suke kunna hasken nan mai launi da ake gani da dare a can, sauran kuma matsin ya mayar da su sama. Taron da ya dawo ya zama gurgu, an ɗebe masa wani ɓangare, kuma irin wannan rashin daidaito yana sa duk wata ƙaramar igiya da ta ratsa ta tunzura ƙwayoyin su saki kuzarinsu a tare da ita, sai ta yi ta ƙaruwa. Wannan shi ake kira meza, ɗan'uwan leza a ɓangaren rediyo.

Tun da zagayen ƙwayar ne ke haifar da igiyar, dole ta fito a murɗe, sau da yawa kusan ɗari bisa ɗari, kuma ɓangaren da ta murɗa yana nuna ko daga arewacin maganaɗisun ta fito ko daga kudancinsa. Bugu da ƙari, zangon da ta yanke yana faɗin ƙarfin maganaɗisu kai tsaye. Megahas 40 na Mushtari, in aka raba da 2.8, ya ba da gaus 14 ko kusa da haka, alhali na duniyarmu rabin gaus ne ko kusa da haka. An kuma aika kumbunan bincike sun ratsa ainihin wuraren da igiyar ke fitowa, a duniyarmu da kuma a Mushtari bayan isar kumbon Juno a 2016, sun auna ƙwayoyin da maganaɗisun a wurin. Gani ya kori ji.

Da wannan ma'auni a hannu aka juya ga taurari. A shekarar 2000 Corrado Trigilio da abokansa suka ba da rahoton cewa tauraron CU Virginis, mai zafi da ƙarfin maganaɗisu, wanda ke juyawa sau ɗaya a kusan rabin yini, yana sakin bugu biyu a kowane juyi, murɗaɗɗu ɗari bisa ɗari. A 2007 Gregg Hallinan da tawagarsa, da jerin faya-fayan VLA da ke jihar Niyu Meziko a Amurka, suka sami irin haka a wani wadan tauraro mai sanyi, TVLM 513-46546, wanda ke bugawa duk awa 1.96. An ji shi har a zangon megahas 8,440, abin da ke nufin maganaɗisunsa ya kai gaus 3,000 aƙalla. Dalilin da ya sa suke bugawa kamar fulsa shi ne meza ba ta watsa igiya ko'ina, tana fitar da ita ne a jikin wani siririn mazurari mai faɗin baki, sai gefen mazurarin ya biyo ta kanmu muke ji. Rana ma tana da nata haɗin bakin, amma ta wata hanya dabam: ƙwayoyin da suka tsere bayan fashewa a samanta sukan girgiza iskar da suke ratsawa, girgizar ta rikiɗe ta zama igiyar rediyo, zangonta yana sauka yayin da suke nisa zuwa inda iskar ta fi siranta. Irin wannan igiya yawanci murɗewarta ba ta kai ta meza ba, kuma yawan ƙwayoyin wurin take nunawa, ba ƙarfin maganaɗisu ba.

To, me ya hana a ɗauki bayanin meza a ɗora wa fulsa a huta? Lissafin da ya yi aiki a Mushtari shi ne ya rufe ƙofar. Maganaɗisun fulsa ta yau da kullum yana kai gaus tiriliyan ɗaya a samanta. Idan aka ninka wannan da miliyan 2.8, saurin zagayen ilektiron ya faɗa zangon hasken ekis-re da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ya yi wa rediyo nisa ƙwarai. Ƙari a kan haka, a irin wannan maganaɗisu ƙwaya takan zubar da kuzarin zagayenta cikin ƙiftawar ido, sai ta koma bin layin kawai kamar dutsen ado da aka zura a zare. Kuma iskar da ke kewaye da fulsa ba irin ta sauran taurari ba ce. Goldreich da Julian sun nuna a 1969 cewa juyawar irin wannan maganaɗisu tana haifar da ƙarfin lantarki da ke fizge ƙwayoyi daga jikin tauraron. Sturrock a 1971, sannan Ruderman da Sutherland a 1975, suka ƙara da cewa ƙwayoyin da aka fizge suna fitar da hasken gama, shi kuma hasken yana rikiɗa a cikin maganaɗisun ya zama tagwayen ƙwayoyi, ilektiron da kishiyarsa fositiron, su ma su haifi wasu, har wurin ya cika. Tagwayen nan nauyinsu ɗaya, cajinsu ne ya saɓa, don haka murɗewar da ɗaya zai jawo ta dama ɗayan zai jawo ta hagu, su kashe juna. Abin da ya rage shi ne kaɗawa a miƙe, kuma ita ce ta fi rinjaye a rediyon fulsa.

A nan aikin Venkatraman Radhakrishnan da David Cooke ya shigo. Radhakrishnan, wanda ɗa ne ga C. V. Raman na Indiya da ya ci kyautar Nobel a kan binciken haske, yana aiki da faifan Parkes mai mita 64 a Ostireliya lokacin da aka auna fulsar Vela, mai juyawa sau 11 a daƙiƙa. Bugunta ya zo a miƙe kusan baki ɗaya, amma kusurwar ba ta tsaya wuri guda ba, tana juyawa a hankali daga farkon bugun zuwa ƙarshensa. Bayanin da suka bayar a 1969 har yau ana koyar da shi. Layukan maganaɗisu suna fita daga kan tauraron suna bazuwa kamar ƙarafan laima da aka buɗe, kuma alƙiblar igiyar tana bin yadda layin da ya fitar da ita ya kwanta. Yayin da tauraron yake juyawa, idonmu yana tsallaka layukan ɗaya bayan ɗaya, sai kusurwar ta zana lanƙwasa mai kama da harafin S, a hankali a gefe, da sauri a tsakiya. Daga tsinin wannan lanƙwasa ake lissafa yadda maganaɗisun ya karkace daga sandar juyawar tauraron, da kuma yadda muka kusanci tsakiyar hasken. A 1991 Blaskiewicz da Cordes da Wasserman suka nuna cewa tsakiyar lanƙwasar takan ɗan makara bayan tsakiyar bugun saboda saurin juyawa, kuma daga wannan makara ake gane tsayin wurin da igiyar ta fito, wanda ga fulsa da yawa 'yan ɗaruruwan kilomita ne daga samanta. A ganina wannan na cikin manyan nasarorin fannin, a zauna a nan a zana taswirar maganaɗisun abin da babu na'urar da za ta iya ɗaukar hotonsa.

Sai dai ba kowace fulsa take bin wannan zane ba. Tun tsakiyar shekarun 1970, da aka fara duba bugu ɗai-ɗai a maimakon haɗa dubbai a ɗauki matsakaici, aka ga kusurwar takan yi tsalle na digiri 90 cif a tsakiyar bugu, kamar akwai igiyoyi biyu masu gicciye da juna suna kokawar rinjaye. Bayanin da aka fi karɓa shi ne iskar tagwayen ƙwayoyin tana barin igiya ta wuce ta hanya biyu ne kawai, ɗaya mai kaɗawa daidai da shimfiɗar layin maganaɗisu, ɗaya a gicciye da shi, kuma hanyoyin biyu ba sa lanƙwasa iri ɗaya. Akwai kuma 'yar murɗewa da ake samu duk da abin da aka faɗa a sama, wani lokaci ma tana sauya hannu daga dama zuwa hagu a tsakiyar bugun. Ma'anar wannan ita ce alƙiblar da ta iso gare mu ba lallai ita ce wadda aka haife ta da ita ba, hanya ta taɓa ta. Shi ya sa shaidar da ta warware batun Mushtari cikin sauƙi take yin magana biyu idan aka zo kan fulsa.

Game da ainihin abin da ke haɗa bakin ƙwayoyin, ra'ayin da ya fi daɗewa shi ne suna tafiya ne a dunƙule, curi-curi, a kan lanƙwasassun layuka da gudun da ya kusa na haske, kowane curi yana aiki kamar ƙatuwar ƙwaya guda. Yana da kyau domin ya dace da zanen Radhakrishnan da Cooke. Matsalarsa ita ce dole curin ya fi tsawon igiyar ƙanƙanta, wato 'yan santimita, alhali ƙwayoyi masu caji iri ɗaya korar juna suke yi, gudunsu kuma ba ɗaya ba ne, don haka curin zai watse kafin ya yi wani abin kirki. Don Melrose na Jami'ar Sidni ya shafe shekaru yana nuna raunin wannan ra'ayi da na sauran da aka kawo, ciki har da masu cewa girgizar iska ce irin ta rana. A 2020 Philippov da Timokhin da Spitkovsky suka kawo sakamakon kwaikwayo da kwamfuta wanda ya nuna cewa haihuwar tagwayen ba a jere take gudana ba, tana kunnuwa tana mutuwa kamar tartsatsi, kuma wannan kunnuwa da mutuwa da kanta tana iya jefa igiyar rediyo waje ba tare da an nemi curi mai daɗewa ba. Wannan ya ja hankalin masana da yawa, ni ma na fi karkata gare shi, amma bai riga ya bayyana duk siffofin da ake gani ba. Wani abin da ke ƙara wahalar shi ne rediyon ɗan mitsitsin kaso ne na kuzarin da fulsa take zubarwa yayin da juyawarta ke raguwa, sau da yawa kashi ɗaya cikin dubu ɗari ko ƙasa da haka, saboda haka ko ƙaramin abu da aka yi watsi da shi a lissafi zai iya zama shi ne tushen.

Sabbin abubuwan da ake ganowa sun ƙara dagula rabon da aka saba yi tsakanin fulsa mai miƙaƙƙiyar igiya da sauran taurari masu murɗaɗɗiya. A ranar 28 ga Afrilu 2020 wata gawar tauraro mai matsanancin maganaɗisu a cikin tarin taurarinmu, SGR 1935+2154, ta saki walƙiyar rediyo mai kama da waɗanda ake jiyowa daga tarin taurari masu nisan gaske tun rahoton Duncan Lorimer na 2007, kuma wasu daga cikin waɗancan miƙaƙƙu ne kusan ɗari bisa ɗari. A 2022 aka sanar cewa na'urar MeerKAT ta Afirka ta Kudu ta gano fulsa mai juyi ɗaya a daƙiƙa 76. A shekarar ce kuma Natasha Hurley-Walker da tawagarta a Ostireliya suka sanar da wani abu mai bugawa duk minti 18, da igiya miƙaƙƙiya ƙwarai, sannan a 2023 suka sanar da wani mai kusan minti 22 wanda da aka koma tsofaffin bayanai aka tarar yana bugawa tun 1988. Bisa lissafin Ruderman da Sutherland, gawar tauraro mai irin wannan jinkiri ba ta da isasshen ƙarfin lantarki da za ta haifi tagwayen ƙwayoyi, ya kamata a ce ta daɗe da yin shiru. Aƙalla ɗaya daga cikin masu jinkirin nan, wanda na'urar LOFAR ta Turai ta gano yana bugawa duk awa biyu da 'yan mintoci, an tabbatar a 2025 cewa taurari biyu ne ke zagaya juna, farin wada, wato ragowar tauraro irin rana bayan ya mutu, da jan wada, wato ƙaramin tauraro mai sanyi, kuma tsawon zagayen nasu ya yi daidai da tazarar bugun, kamar yadda Io yake kunna rediyon Mushtari.